Ranar da Mutumin Bern Ya Dafa Mana Pape

Mama ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar shagon cuku, ana saura 'yan kwanaki ranar ashirin da huɗu ga Janairu ta zo. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Da mai shagon ya fito a guje, ya tarar da ita zaune a ƙasa tana jujjuya kwalbar kirim ɗin madarar da ta saya, tana duba ko ta fashe. Kwalbar lafiyarta lau. Wuyan hannunta na dama ne ya karye.

Ni da mijina Kuno muka kai ta asibiti, aka naɗe hannun da siminti tun daga yatsu har gwiwar hannu. A hanyar dawowa, sai da muka wuce Échallens, muka hau hanyar ƙauyenmu, sannan ta yi ajiyar zuciya daga kujerar baya.

"To, wa zai yi pape?"

"Mama, hannunki fa ya karye," na ce.

"Na sani, Mireille, a jikina yake. Na ce wa zai yi pape?"

Ashirin da huɗu ga Janairu ita ce ranar da kakanninmu na jihar Vaud suka sallami gwamnonin maƙwabciyarmu Bern da suka daɗe suna mulkinmu. A gidanmu, tun kafin a haife ni, ranar ba ta wucewa sai Mama ta dafa babbar tukunyar pape: puwaro, doguwar albasar nan mai farin wuya da koren lawashi, a dafa ta da dankalin turawa har su narke su zama fate, a ɗora sosis ɗin kabeji a kai. Shugaban ƙauye Octave Mermoud da matarsa Solange ba sa fashin zuwa, haka ma fastonmu, wadda mace ce. Shi kuwa ƙanin Mama, Kawu Fernand, wanda gidansa ke tsallaken titi, shi ne mai jawabi. Ba wanda ya taɓa roƙonsa ya yi, ba kuma wanda ya taɓa iya hana shi.

"Ni zan yi," na ce.

"Ke? Ke da ba kya jin magana? In ce miki hagu ki yi dama. Hannu nake nema, ba shawara ba."

Kuno yana tuƙi a natse, hannu biyu a kan sitiyari kamar yadda ya saba. Sai da muka kusa gida sannan ya buɗe baki, don shi maganarsa ba ta fitowa sai ta nuna.

"Mama, in ba damuwa, ni zan iya ara miki hannuna."

Na juya na dube shi. Kuno mutumin Bern ne gaba da baya, daga wani ƙauye a Emmental, inda Jamusanci ake yi. Mun daɗe da aure, muna zaune a saman benen gidan Mama, yana jin Faransanci sarai, amma har yau in ya ce miki sannu sai kin gama ɗaure takalmi kafin ya kai ƙarshenta. Na ɗauka Mama za ta yi dariya. Sai na ga ta zuba wa ƙeyarsa ido tana nazari.

"Pape ba ya son mai garaje," ta ce. "Kai kuwa ban taɓa ganin ka yi sauri ba, ko ranar da bututun hayaƙi ya kama da wuta. Shi ke nan. Kai za ka yi."

Kafin yamma labari ya tsallaka titi. Kawu Fernand ya faɗo mana ko hula bai cire ba.

"Yaya, wai gaskiya ne abin da nake ji? Ranar da muka kori mutanen Bern, ranar za ki miƙa wa mutumin Bern muciya?"

"Kai ka kore su? Kana ina lokacin?"

"Jinina yana wurin!"

"To jininka ya zo ya fere dankali."

Kawu ya juya kan Kuno, ya rusuna har ƙasa kamar mai gaida basarake. Wasan da ke tsakaninsu ke nan tun ranar bikinmu.

"Ranka ya daɗe, mai girma gwamna. An ce za ka sake karɓar mulki ta ƙofar kicin. Don Allah ka fara yau, ko ma ci kafin Ista."

"Sannu da zuwa, Kawu," in ji Kuno. Sannan ya ƙara, "Ka shigo mana da dusar ƙanƙara a takalmi."

A shekarar ranar ta faɗo Lahadi. Ranar Asabar na je wurin mahauci na karɓo sosis ɗin da Mama ta sa a ajiye mata tun farkon wata, naman alade da kabeji da aka ɗura a hanji aka ƙyafe, kowanne a lanƙwashe kamar takalmin doki. Mahaucin ya nuna mini ƙugiyoyinsa wayam, ya ce na ƙarshe ke nan, ko shi ba a bar masa na gida ba.

Da safiyar Lahadi Mama ta sa aka jawo mata kujera tsakiyar kicin, kusa da tsohon murhun itacen da ta ƙi yarda a canza. Ta zauna, hannun siminti a rataye a wuya, cokalin katako a hannun hagu kamar sandar mai ba da hannu a titi. Ni aka ba ni aikin shimfiɗa teburi, aka kuma gargaɗe ni kada in tsoma baki. Kuno ya sauko sanye da rigar girki a goge, ɗauke da ɗan sikelinsa.

"Mene ne wannan?" in ji Mama.

"Na awo ne, Mama. Don mu san nauyin puwaro da na dankali."

"Mayar da shi. Puwaro ya ninka dankali, magana ta ƙare. Ido ne ke aunawa."

"Idon wa?"

"Nawa."

Ya mayar da sikelin. Ya ɗauki puwaro na farko, ya yanke saiwa, ya rage busasshen kai, ya tsaga shi a tsaye kamar yadda ta ce, ya kai famfo. A nan aka tsaya. Kuno ya shiga buɗe ganyen ɗaya bayan ɗaya, yana bi da yatsa, yana ɗagawa a hasken taga ko zai ga ƙwayar ƙasa. Ina jera faranti ina leƙe, ina jiran Mama ta fashe. Sai na ga tana gyaɗa kai.

"Kin gani, Mireille? Haka ake wanke puwaro. Ba irin naki ba, a nuna masa ruwa daga nesa."

"An ce kada in tsoma baki," na ce.

"Ban ce ki yi magana ba, cewa na yi ki gani."

Wajen yanka ma sai da aka yi 'yar muhawara. Ta ce kowane yanki kaurin yatsu biyu. Kuno ya ɗaga hannunsa, ya dubi yatsunsa masu kauri kamar karas, ya dubi nata, ya tambaya na wa. Ta ce nata. Sai ya matso da katakon yanka kusa da ita, ta ɗora yatsu biyu a kan puwaro, ya yi alama da wuƙa, sannan ya bi wannan ma'aunin har ƙarshe. Da ya gama, yankan sun fito kamar inji ya yi su.

Man shanu ya narke a babbar tukunya, albasa ta yi laushi, aka juye puwaro ya yi tozo har ya fi bakin tukunyar. Mama ta sa ya zuba farar giyar inabi.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Na ce ƙara, ba magani kake ɗiga wa jariri ba."

Ƙamshin ya cika gidan, tagogi suka yi gumi. Tozon ya fara sauka a hankali. Kuno ya fere dankali, ya yanka shi murabba'i, gefe da gefe daidai, ya jera a saman puwaro, ya tsaya yana kallon aikinsa cike da jin daɗi.

"Kada ka saba da su," in ji Mama. "An jima za ka murƙushe su."

"Duka?"

"Duka. Ba ruwanmu da dankali mai tsayawa da ƙafarsa. Wannan sai can wajenku."

Na ga abin ya taɓa shi.

Ana cikin haka ƙofar baya ta buɗe, sanyi ya shigo, Kawu Fernand ya biyo shi. Ya sha kwat ɗinsa na biki, ya maƙala ɗan ƙyalle kore da fari, launin tutar Vaud, a ƙirji. Ya ce ba abin da ya kawo shi illa ya tabbatar ba a zuba wa al'umma guba ba. Ya buɗe tukunya ya shinshina, ya rufe. Ya zagaya ya tsaya kan ɗaya tukunyar, inda Kuno ya riga ya kwantar da sosis a ruwan zafi a gefen murhu, wurin da wuta ba ta da ƙarfi.

"Ka huda su?"

"Mama ta ce kada a huda."

"Huda su. Allura ɗaya a kowane gefe. Haka tsohuwarmu take yi."

"Ƙarya kake yi, Fernand," in ji Mama. "Tsohuwarmu ba ta taɓa huda sosis ba. In ka huda, romon ya tsiyaye a ruwa, me za a ci? Fata?"

"Da idona na gan ta!"

"Da wane idon? Kai da ba ka shiga kicin sai an gama?"

"In ba a huda ba fashewa suke yi."

"Ba sa fashewa in ruwan bai tafasa ba. Rawar sanyi kawai ake so ya riƙa yi. Kuno, kada ka saurare shi."

"Gwamna, ni ne namiji a gidan nan, ni za ka saurara."

Kuno ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya ɗauki tsumma ya goge hannu.

"Kawu, hannun Mama nake yau. Hannu ba ya jin maganar maƙwabci."

Kawu ya yi tsaki, ya leƙa tukunyar. "Wannan ruwan ma barci yake. Ya ɗauko halin mai shi."

Ƙararrawar coci ta buga, alamar an kusa tashi. Mama ta dubi rigar da ke jikinta ta ce ba za ta karɓi baƙi a haka ba, kuma da hannu ɗaya ba ta iya ɓalle maɓalli. Na kama ta muka hau sama. Kafin ta fita ta nuna Kuno da cokali, ta ce ya murƙushe dankalin, ya zuba kirim, ya jawo tukunyar gefe, sauran sai ta dawo. Ta nuna Kawu ta ce shi kuma ya sa hannuwansa a aljihu.

Abin da ya faru bayan fitarmu daga baya muka haɗa shi. Kuno ya rufe ido ya murƙushe dankalinsa, ya zuba kirim, ya jawo tukunya gefe. Sai Kawu ya ce masa giyar da ke kan teburi ba ta dace da ranar ba, ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko wadda ke can ƙurya, bayan kwalaben tuffa. Kuno ya sauka. Kowa ya san in Kuno ya shiga neman abu, sai ya gyara duk abin da ya tarar a karkace kafin ya fito. Kawu ya rage shi kaɗai da ruwan da ke barci. Ya buɗe murhu ya cusa manyan itatuwa, ya tura tukunyar sosis tsakiyar wuta, ya rufe ta ruf, sannan ya koma falo yana bitar jawabinsa a gaban madubi.

Muna sama ina fama da maɓallin ƙarshe sai Mama ta ɗaga kai.

"Kina jin wannan?"

"Me?"

"Murfi. Murfin tukunya ne ke rawa."

Ban taɓa ganin mace mai shekarunta ta sauka daga bene da irin wannan gudun ba. Muka tarar da tururi ya cika kicin, murfi yana ta ƙwanƙwasa, kumfa mai maiƙo tana zubowa kan murhu tana ƙara. Kuno ya shigo ta ɗaya ƙofar riƙe da kwalba, da yanar gizo-gizo a gashinsa. Ya ajiye kwalbar, ya jawo tukunyar, ya ɗaga murfin.

Ba sosis ko ɗaya da ya tsira. Fatun sun tsage sun nannaɗe suna yawo a sama, nama da kabeji sun watse, ruwan ya koma wata irin miya ja.

Mama ta daɗe tana kallo. Sannan ta kira, a hankali, da muryar da nake tsoro tun ina yarinya.

"Fernand."

Ya leƙo daga falo. Ya ga tukunyar.

"Ai na faɗa muku," ya ce da ƙyar. "Da an huda su..."

Cokalin katako ya wuce ta gefen kunnensa ya bugi ƙofa. Da hannun hagu ta jefa, shi ya sa ya sha.

"Taimako na yi, Yaya! Ruwan ko motsi ba ya yi!"

"Taimako! Baƙi suna hanya, yau Lahadi, mahauci ya rufe, ko ya buɗe ma ba shi da ko ɗaya. Me zan ɗora a kan pape? Kai?"

Ta zauna a kujerarta. A karo na farko tun da ta faɗi na ga idonta ya kawo ruwa, abin da karayar ba ta sa ta yi ba. Kawu ya cire ƙyallen ƙirjinsa yana murzawa a hannu. Na ce ko in zaga maƙwabta in tambaya, Mama ta ce in na kuskura na fita da wannan labarin kada in dawo.

Kuno ya matso gaban murhu. Ya ɗauko gwagwa ya ɗora a kan roba, ya juye tukunyar, ya tsince fatun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗanɗani naman, ya miƙa wa Mama a cokali.

"Bai mutu duka ba, Mama. In aka juya shi cikin pape, da ɗan romon, ɗanɗanon yana nan."

Ta taɓa da harshe. "Yana nan," ta ce. "Amma ba a kai pape teburi tsirara. Dole a ga sosis kwance a kai, kowa ya yanka nasa."

Kuno ya sosa ƙeya. Kunnuwansa suka yi ja, abin da ba ya faruwa sai in yana da laifi.

"Akwai wasu," ya ce.

"Wasu me?"

"Sosis. A gareji."

Duk muka zuba masa ido.

"Innata ce ta aiko da su a farkon wata. Tana aikowa duk hunturu. Na Bern ne." Ya sunkuyar da kai. "Na san ba a son su a gidan nan, shi ya sa nake ajiyewa a akwatin kayan keke. Wurin da sanyi."

"Kuno," na ce, "wato gyaran keken da kake zuwa yi kullum da yamma, a tsakiyar hunturu?"

"Ina gyarawa. Ina kuma ɗan ci. Akwai mastad ɗin dangwalawa ma."

Kawu Fernand ya farfaɗo nan take. "Ba zai yiwu ba! Sosis ɗin Bern a kan papen Vaud? Yau? Gara a ci gayansa! Gara a ce wa baƙi an yi rasuwa!"

"Za a yi, in ka sake magana," in ji Mama. Ta juya ga Kuno. "Suna da yawa?"

"Za su isa."

"Sai an daɗe ana dafawa?"

"A dafe suke. Ɗumi kawai suke so."

"Je ka ɗauko. Kuno, yau ɗaya dai, yi gudu."

Ya kuwa yi. Na gan shi ta taga yana tsallake dusar ƙanƙara da rigar girki, abin da ban taɓa gani ba tun da na san shi. Ya dawo da ƙunshi a hammata. Miƙaƙƙu ne, jajaye, masu santsi, ko makaho ya shafa ya san ba namu ba ne. Aka sa su a ruwan ɗumi, Mama da kanta ta zauna gadinsu. Kuno ya juye fasasshen naman cikin pape, ya gauraya, ya sa gishiri da masoro. Ta sa ya kawo ruwan khal mai tsami, ta karɓa da hagu ta ɗiga da kanta, ta ce wannan kam ba ta ba kowa aro. Da ta ɗanɗana ba ta ce ya yi daɗi ba. Ta dai sake miƙa cokalin a ƙara mata.

Baƙi suka iso da jajayen hanci, suna buga ƙafa a bakin ƙofa. Aka yi wa Mama jaje, Solange ta sa hannu a kan simintin da biro, aka zauna. Kuno ya shigo da babban faranti ya ajiye a tsakiya. Tururi ya tashi, ya wuce. Sai kowa ya zuba wa farantin ido.

Octave Mermoud ya gyara tabarau ya matso da fuska.

"Edmée," ya ce wa Mama, "idona ne, ko waɗannan..."

"Fernand zai yi bayani," in ji ta. "Ai shi ne mai jawabi."

Kawu ya miƙe kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ya riƙe kofinsa, ya dubi farantin, ya dubi Mama, ta ɗaga masa gira. Jawabin da ya kwana yana haddacewa ya gudu. Ya yi gyaran murya har sau nawa. Can sai na ga gashin bakinsa ya motsa, na san ya samo mafita.

"'Yan'uwana mutanen Vaud," ya fara. "Shekara da shekaru muna taruwa a teburin nan muna cewa mun kori mutanen Bern. Mun kore su, gaskiya ne. Amma akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Mun bar su sun tafi salin-alin, ko ɗaya ba mu kama ba." Ya nuna farantin da yatsa. "To bana an gyara wannan kuskure. Waɗannan da kuke gani fursunonin yaƙi ne. A safiyar nan aka kamo su, suna ɓoye a gareji."

Fasto ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da adiko.

"Namu kuma fa?" in ji Octave. "Ina namu sosis ɗin?"

Kawu ya dafa ƙirji. "Sun faɗi a fagen fama. Sun yi ta maza har suka fashe. Suna nan a ƙasa, cikin pape, sun koma ga ƙasarsu."

"Wa ya ba da umarnin harin?" Mama ta tambaya, tana kallon silin.

"Ba a tona wannan a ranar biki, Yaya."

Dariya ta kece. Octave har da buga teburi. Solange ta ce ita dai a ba ta fursuna ɗaya mai ƙiba. Kuno ya bi kowa ya zuba masa, ya dawo ya zauna kusa da Mama, ya yayyanka mata nata ƙanana yadda za ta iya ɗauka da hagu. Kowa ya duƙufa a kan farantinsa. Octave ya ƙara, fasto ta ƙara. Kawu ya ci na farko yana ɓata fuska don a gani, na biyu kuwa ya manta bai ɓata ba.

"Gwamna," ya ce da baki cike, "ba laifi. Mutanenka sun fi daɗi a faranti."

"Na gode, Kawu." Kuno ya tauna, ya haɗiye, ya kurɓi ruwa. Har an shiga wata hira sannan ya ƙarasa. "Tukunyar tana jiranka. Ta kama a gindi."

Haka kuwa aka yi. Da baƙi suka tafi, Mama ta sa Kawu ya tuɓe kwat, aka ɗaura masa rigar girkin Kuno, ya tsaya a bakin famfo yana kankare murhu da tukwane yana gunaguni. Ita kuma ta ce a kira mata mahaifiyar Kuno a waya, don ba a cin abin mutum a yi shiru.

Inna Rösli ba ta jin Faransanci sosai, Mama kuwa ba ta jin Jamusanci ko kaɗan, saboda haka duk lokacin da suka haɗu sai kowacce ta ɗaga murya, wai ko hakan zai taimaka. Kuno ya tsaya a tsakiya yana fassara. Mama ta yi godiya, ta ce sosis sun yi kyau, sun fitar da gidan kunya. Muka ji muryar tsohuwar ta cikin waya tana murna. Sai ta yi wata tambaya.

"Tana tambaya da me aka ci," in ji Kuno.

"Gaya mata. A kan pape."

Ya faɗa, ya kuma yi bayanin yadda ake yinsa. Sannan magana ta ɓarke kamar an buɗe famfo, har Kuno ya janye wayar daga kunnensa. Kawu ya bar wanke-wanke ya matso da kumfa a hannu.

"Me take cewa?" in ji Mama.

"Tana gaishe ki."

"Kuno, duk wannan gaisuwa ce?"

"Ta ce... sosis ɗin da mahaucinsu ya yi da hannunsa, ta naɗe da kanta ta kai gidan waya, shi ne aka kwantar a kan abincin marasa haƙori. Ta ce ko mastad ba a sa ba. Ta ce wa ya murƙushe dankalin, a gaya mata sunansa."

"Ka gaya mata?"

"Na ce ban ga lokacin da aka yi ba."

Mama ta karɓe wayar da hannun hagu, ta kafa ta a kunne, ta ɗaga murya yadda za a ji ta har tsallaken titi.

"Rösli! Ki zo baɗi! Ki zo ki ci da bakinki, sannan ki yi magana!"

Daga can aka amsa da wani dogon abu wanda ba wanda ya nemi a fassara. Suka ci gaba a haka, kowacce da yarenta, har na gama kwashe faranti. Da na koma kicin na tarar da Kuno ya karɓi soso daga hannun Kawu yana nuna masa inda ya bari a gindin tukunya, shi kuma Kawu yana rantsuwa cewa wannan baƙin tun zamanin tsohuwarsu yake wurin.